Zane, kwasa-kwasan kwamfuta da aikin sa kai: wanne zan ajiye?

Tambayar ta fito ne daga wani ɗalibi ɗan Daura da ke karanta kimiyyar kwamfuta a ɗaya daga cikin jami'o'in Katsina. Ya gama aji ɗaya da maki 3.60, yanzu da ya kammala aji biyu jimillar ta sauko zuwa 3.10, ga kariyoba guda a wani kwas na lissafi da ya faɗi, sai ya sake shi. Yana tsara fosta da wayarsa, ƙungiyoyin ɗalibai uku yake yi wa aiki kyauta, kuma ransa na son aikin. Mahaifinsa ya ga sakamako ya ce masa taura biyu ba ta taunuwa, ya zaɓi ɗaya. Shi ne yake tambaya ko ya watsar da zanen da aikin ƙungiya gaba ɗaya.

Ƙanena, sannu da ɗawainiya. Na daɗe ina sana'ar rubuta manhaja da tsara zayyana a nan Katsina, kuma kusan duk shekara ana turo mana ɗalibai 'yan SIWES, wato masu zuwa koyon aiki a ma'aikatu kafin su gama karatu, daga jami'o'i da kwalejojin jihar nan, saboda haka na ga irinka da yawa. Baba bai faɗi ƙarya ba. Taura uku ma ka tura baki, ba biyu ba. Inda zan ɗan saɓa masa kawai shi ne maganin: ni a ganina ba zubarwa ya kamata ka yi ba, haɗe su za ka yi su zama aiki guda.

Mu fara da lissafi, tunda shi ne ya kayar da kai. Idan yawan yunit, wato nauyin kwasa-kwasan da ka ɗauka, a shekarun nan biyu kusan ɗaya ne, saukowa daga 3.60 zuwa 3.10 na nufin 2.60 ka ci a aji biyu. A ma'aunin maki biyar da jami'o'inmu ke bi, digiri mai daraja ta ɗaya daga 4.50 yake farawa, daraja ta biyu ta sama daga 3.50 zuwa 4.49, ta ƙasa kuma daga 2.40 zuwa 3.49. Daraja ta ɗaya ta riga ta wuce ka, gara ka ji daga bakina: ko A ka share a kowane kwas daga yau har ka fita, iyakarka wajen 4.05. Ta biyu ta sama kuwa tana nan da ranta. Kana bukatar 3.90 a sauran shekara biyun, wato kusan B a komai, B kuma daga maki 60 take. Duk C ɗin da ta faɗo maka sai ka nemo A ta rufe ta. In kuma zangon SIWES ya rage yawan yunit ɗin da suka saura maka, abin da ake nema zai ɗan haura 3.90. Ka je wurin jami'in da ke kula da ajinku, ka karɓi ainihin adadin yunit ɗinka, ka zauna da biro ka fitar da naka lissafin. Kariyobar nan kuma kar ka ɗaga mata ƙafa zuwa aji huɗu. A yawancin jami'o'inmu sifilin da ka ci yana nan cikin jimilla ko bayan ka sake kwas ɗin, kuma lissafin da ka faɗi shi ne zai sake tare ka a kwas ɗin tsarin bayanai da na algoridim, sai dai ya canza riga.

To ina lokacinka yake tafiya? Ba sai ka faɗa mini ba. Ƙarfe goma sha ɗaya na dare sakataren ƙungiya zai turo saƙo: "Injiniya, don Allah a taimaka mana da fosta, gobe ne taron." Ka yi, ka tura. A ce a ƙara girman hoton shugaba. Ka ƙara. A ce an manta sunan uban taro. Ka saka. A ce ainihin launin ƙungiya kore ne ba shuɗi ba. Kafin a ce ya yi, an kusa kiran assalatu, ga lakcar ƙarfe takwas tana jiranka. Fosta ta farko da ta goma sun koya maka wani abu. Ta hamsin ba ta koya maka komai ba, samfurin jiya ka ɗauko ka canza suna da kwanan wata. Daga nan aikin ya daina zama koyo, ya koma bauta da sunan sa kai.

Ba raina fosta nake ba, a kanta na koyi darasin da har yau ban manta ba. Ina ɗalibi aka ba ni aikin babban kyallen talla na wani taro da reshen wata ƙungiyar ɗalibai na makarantarmu zai karɓi baƙi daga wasu jihohi. Na zaɓi wani salon haruffa mai ƙayatarwa, sai na ga ba shi da ƙ da ɗ, yana fito da ɗan akwati a gurbinsu. Maimakon in canza salon, sai na ce ai kowa zai gane, na sa k da d. Muka kai wa mai bugawa a cikin gari, janareto na ruri, ya buga, muka naɗe muka tafi. Da safe aka ɗaure kyallen a bakin zauren taro, ga rubutu ɓaro-ɓaro: "Kungiyar Dalibai Ta Kasa." Wani malamin Hausa ya zo wucewa, ya tsaya, ya gyara tabarau, ya ce, "To, tunda kun faɗa da bakinku ta kasa, mu me za mu ce?" Ranar na so ƙasa ta tsage in shige. Ƙari a kan haka, shuɗin da na gani yana walƙiya a allon kwamfuta ya fito a dushe kamar tsohon rini, domin allo da haske yake haɗa launi, ja da kore da shuɗi, injin bugawa kuwa da tawada huɗu yake aiki, abin da ake kira CMYK. Tun daga ranar ba na fara aikin Hausa sai na gwada salon haruffan da ɓ, ɗ, ƙ da ƴ. Noto Sans da Charis da Andika duk suna da su, kuma kyauta ne. Ba na kai wa mai bugawa fayil sai na mayar da rubutun ya zama zane, wanda a manhajar CorelDRAW danna Ctrl da Q ne kawai, don kar kwamfutarsa ta musanya mini salo. Ƙaramar takarda da za a riƙe a hannu kuma a ɗigo 300 cikin inci nake fitar da ita. Waɗannan abubuwa ne da mako biyu ya isa ka iya su.

Abin da ke ɗaukar shekaru shi ne gane cewa zayyana ba ta tsaya ga ado ba. Mu Hausawa ai ba baƙinta ba ne. Ka dubi allon zayyana na mai saukar Alƙur'ani, ka dubi aikin magina a fuskar tsofaffin soraye, ka dubi kayan doki ranar hawan Sallar Gani a garinku: kowane launi da inda aka ajiye shi, kuma daga nesa ido ya san wanda ke tafe. Mai zayyanar manhaja ma tambayarsa ke nan: wa zai duba wannan abu, a wane hali yake, me yake so ya gani da farko? Wannan tambaya kuwa ba a amsa ta a ɗaki. Sai ka fita ka zauna da mutane. A nan ne aikin sa kai yake da amfanin da aji ba zai ba ka ba, domin shi ne yake kai ka gaban mutane masu matsala ta gaske, kyauta, ba tare da ka nemi izinin kowa ba.

Bari in ba ka labarin wata yarinya da aka turo mana tana aji uku. 'Yar ƙungiyar agaji ce a makarantarsu, kuma abin da ya dame ta shi ne neman jini. Ka san yadda ake yi: saƙo ya faɗo zauren WhatsApp, "Ana neman jini cikin gaggawa," kowa ya tura gaba, ba wanda ya san ko an samu. A kira wani a tarar sati biyu ke nan da ya bayar, a kira wani a ji layin a kashe. Ta zo da ƙudurin rubuta manhajar waya mai taswira da komai. Na ce mata kar ta taɓa kwamfuta har kwana bakwai, ta je ta yi hira da waɗanda suka taɓa neman jini da waɗanda suka taɓa bayarwa. Ta dawo jiki a sanyaye. Mai neman jini, in ji ta, yawanci ɗan'uwan majinyaci ne da ke tsaye a barandar asibiti da tsakar dare, hankali a tashe, wani da ƙaramar waya, wani datarsa ta ƙare. Ba mai sauke manhaja a wannan hali. Abin da yake so lamba ɗaya ce da zai kira a ɗauka. Saboda haka aikin ya juye: lamba ɗaya a jikin fosta, mutum uku masu karɓar kira bi da bi, su kaɗai ke da shafin da za su duba waye ya dace.

Nan karatun aji ya shigo da ƙafarsa. Da farko da suna take ajiye mutane, sai ga A'isha Muhammad har uku, biyu ma sashensu ɗaya. Ranar ta gane abin da malamin rumbun bayanai yake nufi da mabuɗi na farko, wato alamar da mutum biyu ba sa tarayya a kanta, abin da a da haddace shi kawai ta yi don jarrabawa, ta koma amfani da lambar rajista. Sannan ta ga in ta ajiye ranar bayarwa a layi ɗaya da sunan mutum, duk sabuwar bayarwa tana goge tsohuwa, sai ta raba teburi biyu, ɗaya na mutane ɗaya na bayarwa. Tazarar da aka saba bari tsakanin bayarwa biyu wata uku ce ga namiji, huɗu ga mace, don haka ta rubuta tambaya da SQL, harshen da ake binciken rumbun bayanai da shi, wadda ke fito da masu rukunin jinin da ake nema waɗanda wa'adinsu ya cika. Sai kuma matsalata ta kyallen talla ta biyo ta ta wata ƙofa: an rubuta Ɗanladi da lanƙwasa, mai bincike ya buga Danladi, kwamfuta ta ce babu. Dole ta koyi yadda tsarin UTF-8 ke ajiye haruffa a kwamfuta, ta yi dabarar da bincike zai kama duka biyun. Fostar ma sau uku ta sake ta. Ta farko baƙin rubutu ne a kan ja mai duhu, daga taku biyar ba ya karantuwa. Na nuna mata ƙa'idar WCAG da masu shafukan intanet ke bi, wadda ta ce bambancin haske tsakanin ƙaramin rubutu da bayansa kar ya gaza 4.5 a kan 1, ta koma fari a kan ja, lambar waya ta cinye rabin takardar. Kuma da yake rukunin jini bayanin lafiya ne, Dokar Kare Bayanai ta Najeriya da aka sa wa hannu a watan Yunin 2023 ta sanya irinsa cikin bayanai masu tsauri, sai ta ƙara wurin da mai rajista zai nuna amincewarsa, ta hana a riƙa watsa jerin sunayen a zaure.

Ka lissafa abin da ta taɓa: rumbun bayanai, rubuta kod, nazarin bukatun masu amfani, zayyana, da ɗa'ar sana'a. Duk kwasa-kwasanta ne. Awannin da ta kashe a aikin ƙungiya su ne awannin bitarta, kuma da ta kai aji huɗu ba ta yi yawon neman taken furojet ba, abin da ke hannunta ta faɗaɗa. Sai dai in faɗa maka ƙarshen labarin yadda yake: da ta tafi bautar ƙasa ta tafi da kalmar sirri a kanta, kuɗin ajiye shafin ya ƙare ba wanda ya san inda ake biya, aka koma tura saƙo a WhatsApp. Laifina ne rabi, ban sa ta rubuta takardar miƙa aiki ba. In ka yi naka, tun kana aji uku ka jawo ɗan aji ɗaya kusa da kai, ka rubuta shafi biyu na yadda abin ke aiki.

Ba sai naka ya zama jini ba. Ka zauna a teburin taimaka wa sababbin ɗalibai lokacin rajista kwana biyu rak, ka ga inda suke maƙalewa. Za ka ga uba ya taho da 'yarsa daga ƙauye suna juya fom, an ce a rubuta sunan dangi, su kuwa sunan uba suka sani da sunan gari, takardar JAMB ta ɗauki ɗaya, ta NIN ta ɗauki ɗaya. Ko jadawalin lakca da ke karo da juna, aji biyu a zaure ɗaya. Ko tsofaffin takardun jarrabawa da ke yawo a wayoyi ba tsari. Ka zaɓi guda, ƙarama, wadda za ka iya gamawa cikin zango ɗaya har mutane su yi amfani da ita.

Ƙungiyoyi ukun nan kuwa, ɗaya za ka riƙe. Ni da zan zaɓa maka, wadda ta fi kusa da karatunka zan ce, kamar NACOS, ƙungiyar ɗaliban kwamfuta ta sashenku, ko kuma wadda matsalar da ka zaɓa take cikinta, ko MSSN ta ɗalibai Musulmi ce ko ta agaji ko ta ɗaliban Daura. Sauran biyun kar ka ɓace musu haka kawai, garin ƙarami ne, gobe za ku haɗu. Ka tsara musu samfuri uku a manhajar zane ta Canva, na sanarwa da na taro da na ta'aziyya, ka zaunar da mutum biyu ka koya musu canza rubutu, sannan ka je wurin shugaba ka ce, "Shugaba, a yi mini afuwa, sakamakona ya taɓu, Baba ya yi magana. Ga samfura, ga waɗanda na koya wa." Ba Bahaushen da zai ja da kai bayan ka ambaci maganar mahaifi. Wadda ka riƙe ita ma ka sa mata sharaɗi: a kawo aiki kwana uku kafin taro, gyara sau biyu, kuma daga mako uku kafin jarrabawa shago a rufe yake. Fostar 'yan takarar zaɓen ɗalibai, da ta bikin yayar abokin wani, da ta mai sayar da turare a hostal, waɗannan ba aikin sa kai ba ne. Ka faɗi kuɗinka ba kunya, a ba da rabi kafin ka fara. Mu Katsinawa an san mu da kara, amma kara ba ta sayen data.

Kuɗin nan ka tara su wuri ɗaya: laftof. Waya ta kai ka inda za ta iya. Ba ka bukatar sabuwa, ta hannu mai RAM 8 da SSD da batir mai ɗan rai ta wadatar, saboda halin wutarmu. Manhajojin zane na Inkscape da GIMP kyauta ne, Figma a burauza take aiki, sun fi maka manhajar sata da ake loda wa mutane a kasuwa tare da ƙwayar cuta. Ka koyi Git da wuri, wato manhajar da ke ajiye tarihin duk canjin da ka yi wa kod. Linus Torvalds ya rubuta shi a 2005, kuma alherinsa gare mu shi ne ba ya bukatar intanet sai lokacin da za ka tura aiki shafin GitHub, inda ake ajiye kod. Kwasa-kwasan intanet da shirye-shiryen koyar da fasahar zamani irin 3MTT da gwamnatin tarayya ta fara a 2023 suna da amfani, amma ba yanzu ba. Ka bari sai hutu, kar ka ƙara taura ta huɗu.

Ga abin da nake dubawa in ɗalibi ya zo neman gurbin SIWES. Shirin nan hukumar horar da ma'aikata ta ITF ce ta kafa shi tun 1973 don ɗalibi ya taɓa aiki da hannunsa kafin ya fita, amma da yawa suna zuwa ne a sa musu hannu a littafi kawai. Wani zai miƙo takardun shaida goma na halartar taruka, ban cika buɗe su ba. Tambayata ɗaya ce: me ka taɓa ginawa wanda wani ya yi amfani da shi? In ya buɗe waya ya nuna mini, sai in ce me ya lalace, yaya ka gyara? Wanda ya yi aikin da kansa zai yi ta zuba har sai na tsayar da shi. Wanda ya kwafo daga intanet ko ya sa manhajar AI ta rubuta masa bai karanta ba, a tambaya ta biyu yake yin shiru. Sakamako ma ina dubawa, kuma manyan ma'aikatu da masu ba da tallafin karatun digiri na biyu sun fi ni dubawa, da yawansu daga daraja ta biyu ta sama suke yanke layi. Saboda haka ka riƙa ajiye tarihin aikinka tun yau: hoton yadda abin yake a da, zanen farko da ka yi a takarda, abin da mutane suka ce, da abin da ka canza. Shafi ɗaya ga kowane aiki. Uku masu kyau sun fi fosta ɗari.

Saura Baba. Kar ka yi wannan magana a waya. Daura ba nisa, ka shiga mota ranar Juma'a, ka bari sai ya ci abinci ya huta bayan isha'i. Ka fara da cewa ya yi gaskiya, domin ya yi. Ka nuna masa takardar lissafin da ka yi da hannunka, ga inda kake, ga 3.90 da kake nema. Ka faɗa masa ka ajiye ƙungiya biyu, ɗayar da ta rage kuma aikin cikinta shi ne karatun naka. Sannan ka roƙe shi zango ɗaya, ka ce in sakamakon zangon bai kai 3.90 ba, kai da kanka za ka ajiye zanen har ka gama. In akwai kawu ko yaya da yake jin maganarsa, ka fara bi ta wurinsa. In kuma duk da haka ya ce a'a, to ka bi, ka mayar da aikin cikin furojet ɗin aji da na SIWES, waɗanda dama dole ne ka yi su. Ranar da sakamakon zangon ya fito, kai za ka kai masa da kanka kafin ya tambaya.